Shirin Jarrabawar Kwamfuta ga Ɗaliban Sakandare a Sudan

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar kwamfuta ta kammala sakandare, a Mai Wurno yake ko a Gadarif, ya sani cewa alƙalami da takarda sun ishe shi yin yawancin bita, don haka kada ɗaukewar wuta ko rashin na'ura a gida ya karya masa gwiwa.

Ya fara da lissafin sifiri da ɗaya, wato tsarin rubuta lambobi da 0 da 1 kawai wanda kwamfuta ke aiki da shi, domin a ganina nan ne yara suka fi zubar da maki. Idan aka ce ya mayar da 13 zuwa wannan tsari, sai ya yi ta rabawa da 2 yana ajiye ragowar a gefe, wato 1, 0, 1, 1, sannan ya karanta daga ƙasa zuwa sama ya sami 1101. Wanda ya yi gaggawa ya karanta daga sama, 1011 zai rubuta, wato sha ɗaya a lissafin yau da kullum, ba 13 ba.

Tun da da Larabci ake koyarwa, ya ware littafi yana rubuta kowace kalma da ma'anarta da Hausa. Tambayoyin shekarun baya kuwa, ya amsa su bayan sallar Asuba, da agogo a gabansa.