Sawakin: zafi, ruwa da abin da sabon zuwa zai tarar

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram, in aka ce masa Sawakin, garin bakin teku a Sudan, busasshen gari ne, sai ya ɗauka ya san zancen. Bushewarmu ta gida ta iska ce: leɓe ya tsage, shanya ta bushe kafin la'asar. Ta Sawakin rashin ruwan sama ce kawai, iskar kanta jiƙe take da laimar Bahar Maliya. Wannan bambancin ne ke kwantar da baƙi a makonninsu na farko.

Garin yana gabashin Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Teku ta kutso ta wani siririn mashigi, ta buɗe kamar tafki, tsohon gari kuma yana kan ɗan tsibiri a tsakiya, wanda za ka zagaye da ƙafa cikin rabin sa'a. Hanyar da ta haɗa shi da tudu an yi ta a 1877, zamanin Gordon, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sudan. Yau jama'a suna ɓangaren tudu, El-Geif. Nan kasuwa take, nan za ka nemi ɗaki. 'Yan ƙasa yawanci Beja ne, suna da yarensu ban da Larabci, kuma in sun zuba maka jabana, gahawarsu mai citta, ka zauna ka sha, da ita ake sabo a nan.

Ba baƙon wuri ba ne gare mu. Alhazan ƙafa da suka ratsa Borno, Wadai da Darfur nan suke jiran jirgin Jidda, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, jikokinsu na yankin har yau, kuma za ka ji ana kiran mutanenmu Takari ko Fallata. Turkawan Usmaniyya sun riƙe tashar jirgin ruwan garin tun ƙarni na 16, Masar ta karɓa a 1865, Usman Digna, kwamandan Mahadin Sudan, ya yi shekaru yana yaƙar Ingilishi a bakin ganuwarta. Abin da ya kashe garin shi ne mashigin nan, wanda ya yi wa manyan jirage ƙunci. Aka buɗe Port Sudan a 1909, fatake suka kwashe. Gidajen tsibirin da dutsen murjani aka gina su, dutse mai shan gishiri da laima, in ba a sabunta masa farar ƙasa ba sai ya ruɓe. Masallatan Hanafi da Shafi'i sun samu gyara daga Turkiyya, amma sauran bangaye, kada ka jingina da su, kada ka bar yara su hau.

Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan wuce digiri 40, dare ma ba ya sakin mutum. Gumi ba ya bushewa, don haka jiki ba ya hucewa. Randa ba ta sanyaya ruwa kamar yadda ka saba, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ake ji da ita a Khartoum, nan ƙara damshi take yi. Nemi ɗakin da tagarsa ke kallon arewa, ta can iska ta fi zuwa. Aikin ƙarfi ka gama shi kafin ƙarfe 10, ka koma bayan la'asar. Mai aiki a waje lita 4 ko 5 ba ta yi masa yawa ba a yini, kuma ruwa zalla bai isa ba, domin gishirin jiki yana bin gumi. Zuba sukari ƙaramin cokali 6 shafaffu da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, ka riƙa kurɓa. Fitsari ya yi ja, kai na sarawa, ka dakata. Wanda ya fara sambatu ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti nan take.

Ruwan sha saye ake yi, daga tanka ko amalanken jaki, kuma na rijiyoyin bakin teku yana da zartsi. Ɗanɗana kafin a juye maka, ka raba na sha da na wanki, ka tafasa na yara. Kowace ganga a rufe ta ruf, a wanke ta duk mako, domin sauron zazzaɓin dengue a tsabtataccen ruwan ajiya yake ƙyanƙyasa, kuma da rana yake cizo.

Damina a juye take. Ɗan ruwan da ake samu yana sauka ne tsakanin Oktoba da Janairu, na shekara guda bai kai na Agustan Kano ba. Amma in ya zuba a duwatsun da ke bayan garin, busassun rafuka da ake kira khor sukan cika cikin sa'a guda ko da sama garau take a kanka. A Agustan 2024, ba ma lokacin ruwan bakin teku ba, ambaliya ta fasa madatsar Arba'at da ke shayar da Port Sudan. Kada ka kama ɗaki a kwarin khor don haya ta yi araha.

Sudan ta shiga yaƙi a Afrilun 2023, har Port Sudan ta ga hare-haren jirage marasa matuƙi a Mayun 2025. Yi rajistar baƙi da zarar ka iso, takardunka na jikinka kullum, kuma kada ka ɗauki hoton tashar jirage ko shingen soja. Duk wanda ya ce zai tsallakar da kai Saudiyya a kwalekwalen sambuk da dare, ba biza, rabu da shi. Jirgin fasinja na halal daga tashar Usman Digna ta Sawakin yake tashi zuwa Jidda, da tikiti da fasfo.