Kafin ka rufe wa tsohon injin jirginka ruwa, leƙa cikinsa

Injin da ya koya mini hankali mai silinda takwas ne, lita 5.7, ɗan fetur, a cikin wani jirgin ruwa da na saya na hannu. Ya yi shekaru yana shan ruwan teku kafin ya zo wurina. Na ji kowa yana yabon rufaffen tsarin sanyaya inji, na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba, na sayi kayan na ɗaura. Ba a yi sati uku ba allurar zafi ta fara hawa. Da na kwance tulun musayar zafin, wato ɓangaren kayan da ke ɗebe zafin inji, sai na tarar da shi cunkushe da ɓawon tsatsa, baƙi ƙirin, wani ma ya kai faɗin farce. Kayan ba su da laifi. Injin ne ya riga ya cinye ta ciki, ni kuma ban duba ba.

Ga bambancin a taƙaice. Tsohon tsari, famfo mai fukafukan roba, wanda ake kira impela, shi ke zuƙo ruwan da jirgi yake kai, ya tura shi cikin bulok, wato gangar jikin injin, ya zagaya silinda, ya fice ta salansa. Rufaffen tsari kuwa ɗan'uwan lagireton mota ne. Kulan, wato ruwan sanyaya inji mai sinadari irin na mota, shi ne ke kewaya injin, ba ya fita. A maimakon iska, ruwan waje ne ke bi ta wasu siraran bututu a cikin tulun ya ɗebe zafin ya tafi da shi. Ruwan biyu ba sa haɗuwa. Masu injin rataye a bayan kwale-kwale, wannan magana ba taku ba ce, naku kusan duk da ruwan waje aka ƙera su su yi aiki.

Amfanin na gaske ne, ban musa ba. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma ƙarfen bulok ba ya shiri da shi. Akwai kuma batun zafi: injin da ke shan ruwan gishiri ana tsayar da tamostat ɗinsa, wato abin da ke daidaita zafin inji, wajen digiri 60, don in ya wuce haka gishiri da ƙasa-ƙasan ruwa sai su fara daskarewa a hanyoyin. Da kulan kuwa inji yana iya aiki a digiri 70 zuwa 80, inda mai ke ƙonewa sosai, baƙin mai kuma ya kori danshin da ke cikinsa. A inda ruwa ke ƙanƙara, kulan da aka haɗa rabi da rabi da ruwa yana jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, bulok ba zai tsage ba.

To amma tambayar farko ita ce, wane ruwa injin ya sha a rayuwarsa? In a tafki ko kogi ya yi zamansa kuma can zai ci gaba, ni dai ban ga abin da zai sa ka wahalar da kanka ba. In daga ruwan daɗi za ka kai shi teku, wannan shi ne lokacin, ɗaura kafin ya ɗanɗani gishiri. Haka ma injin da aka sake wa sabon bulok. Wanda ya daɗe a teku shi ne abin tsoro.

Kada ka tsaya a labarin wanda ya sayar maka. Cire murfin tamostat ka haska tocila. Sannan kwance matosan zubar da ruwa da ke gefen bulok. Inji mai lafiya ruwa zai zubo shar. Nawa, da na koma na yi abin da ya kamata in fara da shi, ko ɗigo bai fito ba sai da na zura waya na sossoka, sannan wani jan laka ya biyo baya da gutsattsarin ƙarfe. In ka ga haka, ajiye kuɗinka. A tsohon tsari duk ɓawon da ya ɓanɓaro ficewa yake yi ta salansa. Da zarar ka rufe, ba shi da ƙofa, zagaye zai yi ta yi har ya taru a jikin bututun tulun, ta ɓangaren da burushi ba ya kaiwa. Wasu suna wanke bulok da sinadari mai cin tsatsa kafin su ɗaura. Yana ragewa, amma a tsohon bulok wani lokacin tsatsar ce ke toshe ramin da ba ka san da shi ba. Auna matsin silinda ma, in wata ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, wata matsalar ce a gabanka, ba ta sanyi ba.

In ciki ya fito fes, sai zaɓi tsakanin rabin rufaffen tsari da cikakke. Rabi bulok kaɗai yake karewa. Cikakke yana haɗawa da manifol na salansa, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silinda, kuma yana son tulu babba da ruwan waje mai yawa. A nan mutane ke faɗawa rami. Famfon da ke cikin ƙafar farfela ta bayan jirgi, samfurin Alpha One na kamfanin MerCruiser, ƙarami ne, shi ya sa akan tsaya a rabi da shi, ko a ƙara wani famfo a jikin inji wanda bel ke juyawa. Ko wanne ka ɗauka, gwiwar salansa, wato lanƙwasar da ruwan waje ke haɗuwa da hayaƙi, tana nan tana shan ruwan waje, za ta ci gaba da tsatsa, ranar da ta huje kuma ruwa cikin silinda zai gangara. Ka kuma ɗauki awo ka tabbata murfin ɗakin inji zai rufu, don tulun yakan zauna a sama ne ko a gaba.

Bayan ɗaurawa aiki ƙaruwa yake yi. Fitar da iskar da ta maƙale lokacin zuba kulan, in ba haka ba allura za ta yi ta rawa. Cikin tulun akwai ɗan sandan tutiya mai kamar fensir da ke cinyewa a madadin bututun, duba shi a kai a kai. Impela na canza shi duk shekara, in kuma fiffike ɗaya ya ɓalle, je ka neme shi a bakin tulun, can yake maƙalewa. Kulan guba ne, kada ya zuba a ruwa. Ɓangaren ruwan waje kuma har yanzu sai an zubar da shi kafin sanyi.

Nawa injin, cire kayan na yi na mayar da shi yadda yake. Duk dawowa daga teku ina jona masa tiyo na ruwan daɗi ya yi aiki minti 15. Tulun na wanke shi na naɗe a buhu, yana jiran ranar da zan sa sabon bulok.