Zagaya tsibirin aman wuta da motar haya: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya turo mini tsarin tafiyarsa ya ce in duba masa, tun kafin in buɗe na san abin da zan tarar: kwana uku, wurare goma sha biyu, mota mafi araha, inshora mafi ƙanƙanta, sannan a ƙasa ya rubuta wai yana son tafiya mai natsuwa. Na yi irin wannan tuƙin a Tenerife, ɗaya daga tsibiran Kanari na Sifaniya, na yi a ƙasar Ayislan, kuma rabin abin da zan faɗa a nan da aljihuna na saye shi. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ɓarnar daga taswira take farawa. Mutum ya ga tsibiri ɗan mitsitsi a waya, ya auna da ido, ya ce ai kafin azahar ya gama. Ya manta cewa tsibirin aman wuta dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin teku, tsakiyarsa tudu, gefensa gangara da kwazazzabai. Hanya mai daɗi tana bakin ruwa, duk wadda ta nufi ciki kuwa nannaɗe take kamar igiya. A Tenerife dutsen Teide yana zaune a tsakiya da tsayin mita 3,715, don haka kilomita 40 da za ka shanye cikin rabin awa a babbar hanyar kudu, a cikin dutse sai ta ci maka fiye da awa guda, kana juya sitiyari har kafaɗa ta yi tsami. Ayislan kuma matsalarta daban ce: girma. Hanya mai lamba 1 da ta zagaye ƙasar ta haura kilomita 1,300, iyakar gudu 90 a kwalta, 80 a burji. Wanda ya ce zai zagaye ta a kwana uku, to ya shirya tuƙin sama da kilomita 400 kullum, kuma abin da zai koma gida da shi hoton gilashin gaba ne. In a watan Disamba ne ma, hasken rana bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba.

Ni dai ga yadda nake yi. Duk tsawon lokacin tuƙin da taswirar waya ta ba ni, ina ƙara rabinsa a kai. Wuri biyu nake sa wa rana, na uku sai in ya zo da kansa. In kwanakin kaɗan ne ba na zagaye, ɓangare ɗaya nake ɗauka. A Ayislan gaɓar kudu, daga Reykjavík zuwa tafkin ƙanƙara na Jökulsárlón, kusan kilomita 380, ta ishi kwana uku har da dawowa. Wasu za su ce ai ba a yi zagaye ba ke nan. To, ba a yi ba, sai me?

Yanzu ga wanda ya kusa aika ni lahira, wato birki.

Ni da ƙanena ne a wata ƙaramar mota otomatik. Mun hau daga gaɓar arewacin Tenerife ta garin La Orotava, muka ratsa cikin gajimare, muka fito samansa, har gindin keken igiyar da ke hawa Teide, wanda tasharsa ta ƙasa ke kan mita 2,356. Tun a hawa motar ke nishi, na taka totur har ƙasa amma kamar ana riƙe ta ta baya. Wannan ba lalacewa ba ce, iska ce ta yi ƙaranci: injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a kowane mita 1,000. Na ɗauka hawan ne wahala, saukowa hutu. Da yamma muka juyo, na bar giya a D, na ɗora ƙafa a birki, na ci gaba da hira. Kwana bayan kwana, ƙafata na kai, ba na takawa da ƙarfi, ba na kuma sakewa. Can sai ƙanena ya yi shiru, ya buɗe hanci, ya ce, "Yaya, wani abu na ƙonewa." Na ce ai itatuwan dajin ne. Kwana ta gaba na taka, birki ya nutse kamar na taka soso. Na sake takawa, na sake, a na uku ya ɗan kama. Allah ya taimake mu akwai ɗan fili a gefen hanya, na cusa motar ciki da birkin hannu. Da muka fito, wari ya cika wurin, zafin da ke fitowa daga tayar gaba kuwa ko hannu ba ka iya kusantarwa. Kusan awa guda muka zauna a kan dutse, babu mai ce wa wani komai.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Birki gudu yake mayarwa zafi. In ka danne shi tsawon gangarar mita 2,000, ƙarfe ba ya samun sararin hucewa, takalmin birki ya daina kamawa, man birki ya tafasa ya yi kumfa, kumfa kuwa matsewa take, ba ta tura komai. Shi ke nan ƙafarka ta tafi ƙasa a banza. Abin haushin shi ne maganin yana hannuna tun farko. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. In mai kuloci ce, ka sa ta biyu, injin ya riƙe motar, ya yi ta ƙara, bar shi ya yi, aikinsa ke nan. In otomatik ce, akwai L ko 2 ko alamar ragi a jikin giyar, ba don ado aka sa su ba. Birki kuwa a taka da ƙarfi kafin kwana, a sake shi gaba ɗaya. Masu sa mota a firi don tsimin mai a irin wannan gangara, ban ma san me zan ce musu ba, sai dai Allah ya shirya. Tun daga ranar, ba na barin harabar kamfanin haya sai na gwada ƙaramar giya da hannuna, ko da ma'aikacin yana kallona kamar baƙauye. A Hawai ma, kan dutsen Mauna Kea mai mita 4,207, ba a barin mota ta wuce tashar baƙi sai mai jan taya huɗu, kuma saukowar na cikin dalilan.

In birki ya yi zafi ka tsaya, kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen na iya lanƙwashewa. Zama kawai za ka yi ka jira.

Kuskurena na biyu bai taɓa lafiyata ba, aljihuna ya yashe, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A Ayislan ne, kusa da Vík. A wurin karɓar mota, wata ma'aikaciya ta jero mini inshorar tsakuwa, da ta yashi da toka, na yi murmushi irin na wanda ya san duniya, na ce a bar ni da ta gama-gari. Ta kuma ce in riƙe ƙofa da kyau in ana iska. Na ce to, a raina ina cewa iska kuma har ta kai a yi wa babban mutum wa'azi a kanta? Rana ta biyu na yi fakin, bayan motar na fuskantar iska, na ja hannun ƙofa da yatsa biyu ina neman waya da ɗaya hannun. Kafin in ƙifta ido ƙofar ta ƙwace, ta bugu har gaba, na ji ƙarfe ya yi ƙara. Daga nan ba ta ƙara rufuwa daidai ba, sauran tafiyar duk iska na yi mana fito ta gefe. Ranar mayarwa aka nuna mini layin da na sa wa hannu ban karanta ba: ɓarnar iska a ƙofa ba ta cikin inshora. Abin da na biya ya fi kuɗin hayar motar gaba ɗaya. Araha ba ta ado, an faɗa, ni ne ban ji ba.

To ku saurara, don wannan ne mutane suka fi raina. Ƙasar aman wuta ba irin ƙasar da kuka saba ba ce. Baƙin yashi da tokar da ke shimfiɗe a filayen kudancin Ayislan niƙaƙƙen dutse ne mai kaifi kamar garin kwalba. In iska ta ɗebo shi ta watsa wa mota, sai ya kankare fenti, ya dusashe gilashi da fitilu, kuma inshorar gama-gari ba ruwanta. Tsakuwar burji na tsalle daga tayar wanda ke gabanka ta tsaga gilashi, ita ma sai da tata inshorar. Taya da ƙarƙashin mota galibi ba sa ciki. Shiga rafi da mota kuwa, in injin ya sha ruwa, kai da aljihunka ne. Ku zauna ku karanta takardar nan, minti goma ne. Ku tambayi abin da ba ta ɗauka, don abin da take ɗauka su da kansu za su faɗa muku da fara'a. Ni yanzu hancin mota nake juyawa ya fuskanci iska, ƙofa ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, da hannu biyu, kuma kafin in tayar da mota ranar farko sai na zagaye ta da bidiyo, har rufi da gilashi da safaya. In ka sauke gilashi ka yi saurin rufewa, toka a kan kujera ma wani abin faɗa ne.

Akwai kuma masu ganin fili fetal su ce bari su ɗan sauka daga hanya don hoto. A Ayislan wannan laifi ne mai tara mai nauyi, saboda gansakukar da ke kan sandararren dutse shekaru da yawa take ɗauka kafin ta farfaɗo daga sawun taya ɗaya. Hanyoyin tsaunuka masu harafin F sai mota mai jan taya huɗu, kuma da rani kawai ake buɗe su. A tsibirin Lanzarote na Kanari ma, cikin gandun Timanfaya, ajiye motarka za ka yi ka shiga bas, ba a barin kowa ya tuƙa kansa ta cikin ramukan. Kada ka tsara ranarka a kan hanyar da ba za a bar ka ka bi ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Tanki ya kai rabi, ka cika, don gidajen mai a bakin ruwa suke taruwa, hawa kuma shan mai yake. Wasu gidajen man babu kowa sai na'ura, tana son katin banki da lambar sirri. Sauke taswira a waya tun kana masauki, sabis na ɓacewa a kwazazzabo. Ka sa rigar sanyi a but ko da gumi kake a bakin teku, zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000. Babbar mota a siririyar hanya irin ta ƙauyen Masca na Tenerife azaba ce, musamman in kun yi kiciɓis da bas a kwana. Gada mai layi ɗaya, wanda ya fara isowa shi ke wucewa. A Ayislan fitila a kunne take dare da rana, doka ce. Ka ga ɗan tunkiya a gefe ɗaya uwarsa a ɗaya gefen, rage gudu, zai tsallaka. Ƙolin Teide sai da izini, kuma tun da wuri ake nema. Batun lasisi ka tambayi kamfanin a rubuce kafin ka biya, wasu wuraren, kamar tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, sai da na ƙasa da ƙasa. Tsayawa a tsakiyar hanya don ɗaukar hoto kuwa, wannan ba kuskure ba ne, rashin hankali ne.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai tafi ganin dutse mai aman wuta, amma ya manta cewa yana aman wutar. A tsibirin La Palma na Kanari, a 2021, dutse ya yi kwana 85 yana amai, narkakken dutse ya binne gidaje da hanyoyi, ya raba yammacin tsibirin biyu. A Nuwamba 2023 aka kwashe mutanen garin Grindavík na Ayislan, hanyar shiga garin kuma wuta ta haye ta ba sau ɗaya ba. Taswirar wayarka ba lallai ta san abin da ya faru daren jiya ba. Kowace safiya, kafin in ɗauki makulli, ina duba shafin hukumar yanayi da na hukumar hanyoyi, in kuma tambayi mai masauki, don sau da yawa shi ya fi su sanin inda iska ke kada mota. In an gitta shinge, an gitta ke nan. Mutane na tsallakewa don ba su ga wuta ba, alhali abin da ake tsoro sau da yawa ba a ganinsa: iskar guba da ke kwanciya a kwari, da ɓawon dutse da ya yi baƙi a sama amma ƙarƙashinsa na ci. Mai asma ya nisanci inda hayaƙi ke tashi. Lambar gaggawa a Ayislan da tsibiran Kanari duka 112 ce.

Toka kuma ba mota kaɗai take tsayarwa ba. A Afrilun 2010 tokar dutsen Eyjafjallajökull na Ayislan ta rufe sararin samaniyar yawancin Turai na kusan mako guda, mutane suka yi ta kwana a filayen jirgi. Shi ya sa ba na cika ranar ƙarshe da komai, kuma ba na kwana a ɗaya gefen dutsen. Daren ƙarshe kusa da filin jirgi nake yin sa, tanki a cike, motar a wanke don in ga kowane ƙarce kafin su gani, takardar haya a aljihun gaba.