Yadda Ake Haɗa Tankin Mai da Wayoyi a Ƙaramin Jirgin Sama Haɗin Gida

A Amurka, inda doka ta ba mutum damar haɗa jirginsa muddin shi ya yi fiye da rabin aikin, da yawa daga masu haɗa ƙananan jiragen kamfanin Van's da ake kira RV a tankin mai suke cijewa. Tankin ɓangaren fiffike ne, na alminiyam, kuma abin da ke hana shi yoyo danƙo ne mai haɗi biyu, fari da baƙi, irin su Pro-Seal.

Fara da wanki. Ka goge duk inda danƙo zai hau da soson kankara na Scotch-Brite, ka wanke da asiton, wato sinadarin cire maiƙo, har farin tsumma ya daina yin baƙi. Daga nan kada hannu ya taɓa wurin sai da safa, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana danƙon kamawa.

A sikeli ake haɗa danƙon, kashi 10 na farin da kashi 1 na baƙin, bisa nauyi. Ban da awon ido. Danƙo mai lamba B-2 awa 2 yake ba ka kafin ya fara sandarewa, kuma zafi na rage wannan lokacin, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Shafa a haƙarƙarin tankin, wato farantan da ke tokare shi ta ciki, kafin ka haɗa, sa a ramin kowace ƙusa, bayan ka buga ka rufe kanta ta ciki da ɗigo guda. Bangon baya shi ne na ƙarshe, kuma nan yoyo ya fi fitowa, tunda da ka rufe shi hannunka ba zai sake shiga ba. Kada ka yi rowar danƙo a lungunansa. Tsadarsa ba ta kai wahalar yanka tanki don gyara ba.

Bar shi ya bushe sarai, sannan gwaji: toshe ƙofofi, ɗaura balan-balan a bututun shan iska, hura da famfon keke. Kada matsin iskar ya wuce psi 1 a ma'aunin matsi. Kwamfaresa kumbura tankin zai yi. Fesa ruwan sabulu a kan kowace ƙusa, inda kumfa ya taso nan ɓarakar take.

Bututun mai kuwa, digiri 37 ake buɗe bakinsa don mahaɗin AN, wato irin mahaɗin bututu na jiragen sama. Kayan aikin mota digiri 45 suke yi, ba za su zauna ba. Tef ɗin Teflon kada ya kusanci layin mai, ɓurɓushinsa na toshe kafireto.

Waya ta zama mai rigar Tefzel, wata roba mai jure zafi, mai lamba MIL-W-22759/16. Wayar mota mai rigar PVC hayaƙi mai guba take yi idan ta ƙone. Matse kan waya da filayar matsewa ya fi dalma, domin dalma na sandarar da waya, girgiza ta karya ta. Fiyus waya yake karewa, saboda haka da kaurinta ake auna shi: waya mai lambar kauri AWG 22 fiyus amfiya 5, AWG 18 da ta fi ta kauri amfiya 10. Waya ta bi ta saman bututun mai, da tazarar inci 6 in da hali, kada kuma a ɗaure ta a jikinsa. Duk ramin da ta ratsa a sa masa zoben roba.

Kafin tashin farko, ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, auna man da ke zuba: kashi 150 cikin ɗari na abin da inji ke sha lokacin tashi idan da kansa yake gangarowa, 125 idan da famfo ne.