Kurakuran da aka fi yi wajen tanadin kashe gobara a filin jirgin sama

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa da an ajiye jar mota a gefen titin jirgi, shi ke nan an fita haƙƙi. Hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin jiragen sama na duniya ta kasa filaye aji 10, kuma tsawon jirgin da ke sauka da faɗin jikinsa ne ke yanke ajin, ba yawan fasinja ba. Filin da ke karɓar Boeing 737-800 aji na 7 yake buƙata, da mota 2 aƙalla. Amma Boeing 747-400 sai aji na 9: mota 3 aƙalla, da ruwa sama da lita 24,000 idan ana amfani da kumfa mai matsakaicin ƙarfi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Filin da duk shekara ƙananan jirage yake gani, lokacin jigilar alhazai sai ga ƙaton jirgi maƙare da mutane. Gyaran shi ne a ɗaga ajin tun kafin jirgin farko, a kawo ƙarin motoci da kumfa da ma'aikata. In hakan ba ta samu ba, a kai alhazan filin da ya cancanta.

Wasu kuma gani suke motar kwana-kwana ta cikin gari za ta iya riƙe wurin. Ina! Man jirgi yawo yake a kan ruwa, in ka watsa masa ruwa zalla, wutar kawai ka shimfiɗa. Kumfa ce ke lulluɓe man ta toshe masa iska, garin sinadari kuma ya danne harshen wutar. Motar filin jirgi tana da bututun feshi a samanta wanda ake sarrafawa daga gidan direba, tana feshi tana tafiya, kuma an ƙera ta don ta keta ciyawa da taɓo. Motar gari taimako take kawowa daga baya.

Sai batun lokaci, inda aka fi yaudarar kai. Ƙa'ida ita ce motar farko ta isa kowane wuri a titin jirgi cikin minti 3, an fi so ma minti 2, kuma ta riga ta fara feshi. Aikin farko shi ne a kare ƙofofin jirgin daga wuta har mutanen ciki su fito. Ceton jirgin kansa daga baya ne. A filin Haneda na Tokiyo, a Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya ƙone ƙurmus, amma mutum 379 da ke cikinsa duk sun fita da rai. A Riyad kuwa, a 1980, jirgin Saudiyya ya sauka lafiya da wuta a cikinsa, aka makara wajen buɗe ƙofa, mutum 301 suka rasu. Don haka a riƙa atisaye da agogo a hannu, zuwa ƙarshen titi mafi nisa, da dare, da damina, da lokacin hazo.

Gaggawar ma tana da nata haɗarin. A Lima ta ƙasar Peru, a Nuwamban 2022, motar kashe gobara ta shiga titin jirgi ana cikin atisaye, jirgi mai shirin tashi ya buge ta, ma'aikatan kwana-kwana suka rasa rayukansu. Mota ba ta taka titin jirgi sai direba ya ji izinin hasumiyar kula da sauka da tashin jirage ƙarara a rediyo, ya maimaita.

Kumfa tana lalacewa in ta daɗe, don haka a riƙa gwada ta, kuma a ajiye ninki 2 na abin da motoci ke ɗauka a ma'aji.

Akwai kuma ɓoye gaskiya. Mota ɗaya ta lalace, tana kan jak ana jiran kayan gyara daga waje, amma a takarda ajin filin na nan yadda yake, don kada a ji kunya. Abin da ya kamata shi ne shugaban 'yan kwana-kwana ya sanar da hasumiya nan take, a fitar da NOTAM, wato sanarwar da ake aika wa matuƙa jirage, cewa ajin ya sauka, kamfanonin jirage su yanke shawara ko za su sauka ko su karkata wani filin.