Matakan Kafa Sabar Tura Fayil a Gida Cikin Tsaro

Da farko, ka girka OpenSSH, wato manhajar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, a kwamfutar da za ta zama saba (wadda za ta ajiye fayilolin), domin ka yi amfani da SFTP, hanyar tura fayil a ɓoye, maimakon tsohon tsarin FTP, wanda ke aika kalmar sirri tsirara. Bayan haka, ka buɗe wa kowane mai amfani da sabar asusunsa, ka killace shi cikin jakarsa kaɗai.

Sannan ka ƙirƙiri makullin shiga mai ɓangare biyu, na sirri da na fili, da umarnin ssh-keygen, ka kwafi ɓangaren fili zuwa sabar, kuma lallai ka gwada shiga da makullin kafin ka kashe shiga da kalmar sirri, don mai gaggawa a nan yakan kulle kansa a waje. Ka hana asusun root, wato babban asusu mai cikakken iko, shiga daga nesa. Ƙofa ta 22 kuwa, wato tashar da SFTP ke bi, kada ka buɗe ta a rauta (na'urar da ke haɗa gidanka da intanet) sai in kana buƙatar fayilolinka daga wajen gida.