Darasi na Shida: Yadda Uwa Za Ta Gane Tamowa da Wuri

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, manoma da yawa a jihohin Borno, Yobe da Adamawa suka rabu da gonakinsu. Waɗanda suka fake a garuruwa irin su Bama, Dikwa da Monguno ba sa iya yin nisa da gari domin noma ko neman itace, saboda haka rumbu ba ya cika, hatsi kuma yana tsada. Abin ya fi tsanani daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba. Ƙananan yara ne wannan hali ya fi kayarwa, musamman waɗanda aka yaye.

Tamowa ba maita ba ce, kuma uwa tana iya gane ta a gida. Ma'aikatan lafiya suna raba wani ɗan ma'auni mai launi uku, wanda ake zagaya shi a damtsen hannun hagu na yaro mai wata 6 zuwa wata 59, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ba tare da an matse ko an sassauta ba. Idan ya nuna kore, damtsen ya kai santimita 12.5, babu matsala. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Ja kuwa yana nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, sai a kai yaron asibiti a ranar.

Akwai wata alamar da ke yaudarar iyaye, wato kumburi, domin wasu suna ɗaukar sa ƙiba ne har su yi murna. A danna babban yatsa a saman ƙafafun yaron biyu, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan a ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafafun duka biyu, tamowa ce mai tsanani, ko da ma'aunin ya nuna kore.

A asibiti ana ba da abincin magani na gyaɗa, madara, mai da sukari a cikin 'yar leda. Mun san yana da wuya uwa ta ba ɗa guda alhali 'yan'uwansa suna kallo da yunwa, amma wannan magani ne da aka ƙiyasta wa mara lafiyar bisa nauyinsa, kuma idan aka raba shi ko aka sayar, ba zai warke ba. Ba a dama shi da ruwa. A ba yaron tsabtataccen ruwan sha daban, a kuma ci gaba da shayar da shi nono.

Aikin gida: kowace ɗaliba ta auna yaran gidansu, ta rubuta sunan kowane yaro da launin da ya fito masa, ta zo da takardar aji mai zuwa.